Makarantar da Aka Hana Ni Durƙuso

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da Ya ja kwanana har na ga jikokina suna yi mini gardama a kan tarihin kaina.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da jikata Safiya ta dawo da ita daga biki a Basirka. Wata tsohuwa ta tambaye ta 'yar gidan wa ce, da ta faɗa sai tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce, ashe jikar wanda ya tsaya a kan ubansa ce. Yarinya ta dawo gida ranta a ɓace, tana tambayata ko gaskiya ne. Wannan magana na daɗe ina jin ta a bayan kunnena, ban taɓa tanka wa kowa ba, don wanda ya tsaya amsa kowace magana ba zai kai gona ba. Amma ku 'ya'yana da jikokina kuna da haƙƙin ku ji daga bakina. Gaskiya ne, na tsaya alhali mahaifina yana ƙasa. Abin da masu faɗa ba su sani ba shi ne inda na koyo tsayuwar, da abin da ya biyo bayanta.

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Sara, kuma ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Kakanku Malam Iliya bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce a kira masa wancan. In muka haɗu a zaure, ni in durƙusa in kafa ido a ƙasa, shi ya kafa nasa a bango, ya amsa gaisuwar kamar bangon ne ya gaishe shi. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce irin ta gidan da ke da jinin Fulani ta wajen uwa, kuma a cikinta na san ana sona, don mafi kyawun ɗan akuya a garke nawa ne kullum, ba tare da an ce ga dalili ba. Na san ƙafafun mahaifina sarai, har fason dugadugansa, amma da za a ce a lokacin in faɗi yadda idonsa yake, sai dai in yi ƙarya. Duk wata magana tsakaninmu ta bakin Goggo Tabawa take bi, yayarsa, wadda ta yaye ni ta riƙe ni. Goggo kuwa ba ta taɓa isar da saƙo yadda aka ba ta shi ba, sai ta barbaɗa masa gishiri da yaji.

Bayan na gama sakandare a Birnin Kudu na zama ƙaramin malamin gona. A shekarun da cutar kuturtar gyaɗa ta kashe gyaɗa a ƙasarmu, gwamnati ta zaɓi samari ta tura su Amurka karatun noma, sunana ya fito. Goggo ta kai maganar. Baba ya yi shiru har Juma'a ta zagayo, sannan Goggo ta same ni a bayan rumbu ina gyara keke.

"Ubanka ya ce ka tafi," in ji ta. "Ya ce bai san abin da za su koya maka a noma ba wanda shi bai riga ya sani har ya manta ba. Amma ya ce abu ɗaya. Kunyar da ka fita da ita daga gidan nan, ka dawo masa da ita cif. In ka baro ta can, to ka zauna can wurinta."

"Goggo, na ƙarshen nan shi ya faɗa, ko ke kika ƙara?"

"Ni na ƙara. Amma da ya ji ni da bai hana ba."

Da wannan sharaɗi na hau jirgi. Jami'ar da aka tura ni tana kudancin ƙasar, a kan wani tudu mai jar ƙasa, kuma ta baƙaƙen fata ce. Ni da na fito daga makarantar da shugabanta Bature ne, malaman lissafi Indiyawa, sai ga ni inda shugaba baƙi, likita baƙi, farfesoshi baƙaƙe, wasu ma sun fi ni duhu. Abokin ɗakina Wili, ɗan manoman auduga, dogo kamar gora, shi ya zaga da ni. Ya kai ni jikin tsohon ginin da ke tsakiyar makaranta ya ce in shafa tubalin. Na shafa, na ji gurbin yatsu a jiki. Ya ce ɗaliban farko ne suka kwaɓa ƙasa suka buga shi da hannunsu, don babu mai gina musu. Kakanninsu bayi ne, kuma a zamanin bauta doka ta hana a koya wa bawa karatu, wanda aka kama da littafi bulala ce rabonsa. Da aka 'yanta su, abin da suka fara nema makaranta ce. Suka fara a wani tsohon sito na auduga, tsoho mai furfura da jikansa a benci ɗaya suna koyon baƙi. Na tsaya hannuna a kan tubalin nan ina tunani, don ni ma a kan jakin Baba aka kai ni firamare ina kuka, ban san akwai waɗanda aka yi wa bulala don sun nema ba.

Mutanen nan sun riƙe ni riƙon da ban zata ba. A ɗakin cin abinci na ga wake irin namu, da kuɓewa, da ganye, na yi murna, ashe duk da naman alade aka dafa su. Na yi ta fama da burodi da shayi har shugabar kicin ta lura, ta tambaye ni, daga ranar ta ware mini tukunya. Wili yana busa ƙaho a badujalar makaranta, kuma yana gwaji a ɗaki, ni kuwa ina tashi asuba in yi alwala in jiƙa masa daɓen ɗaki. Muka yafe wa juna. Abu guda da ya ba ni mamaki shi ne malamai ba sa kiran ɗalibi da sunansa tsura, sai sun sa Mista ko Mis a gaba. Na ɗauka tsabar iyayi ne, sai daga baya na gane.

Matsalata ta faro ne daga Farfesa Amos, malamin ilimin ƙasar noma, tsoho mai farin kai wanda kowa ke shakka. Aka ce in je ofishinsa in gabatar da kaina. Na yi yadda aka koya mini. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na shiga, na durƙusa a gefen tebur, na sunkuyar da kai, na gaishe shi da mafi kyawun Turancina.

"Tashi," ya ce.

Muryar ta fito da kaushi, sai na ɗauka ladabin ne bai isa ba, na ƙara yin ƙasa. Na ji kujera ta ja baya da ƙarfi. Na ga takalmansa sun zagaye ni sun fita, ya bar ni tsugune a ofishinsa ni kaɗai. Na daɗe a nan kafin na tashi na sa takalmina, ina ta lissafin laifin da na yi ban gano ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

A aji abin ya fi muni. Farfesa Amos ba ya yarda ɗalibi ya amsa tambaya a zaune. Sai ka miƙe, ka fuskance shi, ka faɗi abin da ka sani, in ya musa maka ka kare kanka. Ni kuwa ƙasa abin da na tashi a cikinta ce, na san jigawa, na san laka, na san abin da taki ke yi wa kowace, ga shi ina karatu kamar zan cinye littafin. Ya yi tambaya, in miƙe, in amsa daidai ina kallon siminti. Sai ya ce,

"Ban ji ba, Mista Haruna."

In ɗaga murya in maimaita.

"Har yanzu ban ji ba. Wa zai taimake mu?"

Wani ya miƙe ya faɗi abin da na faɗa, kalma da kalma, a ce ya yi daidai. Haka muka yi ta yi. Darasinsa dole ne ga duk mai karatun noma, rabin makin kuma daga amsar baki yake, kuma gwamnatinmu ta gaya mana tun a gida cewa wanda ya faɗi za a dawo da shi. Na shiga halin gaba kura baya sayaki. In na ci gaba da sunkuyawa, zan koma Sara hannu rabbana a yi mini dariya. In na ɗaga ido na zuba wa dattijo, na karya abin da Baba ya ce in dawo masa da shi. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, har na riƙa cewa a raina ƙin jinin 'yan Afirka ne kawai ke damunsa.

Wili ya ce abin mai sauƙi ne, kallonsa kawai zan yi. Ya zaunar da ni a ɗaki muna zuba wa juna ido kamar zakaru har dariya ta kwashe mu. Na ce masa shi sa'ana ne, in ya so in kalle shi har gobe. Furfura ce wuyana ba ya iya ɗagowa a gabanta, ko na ce ya ɗago.

Da kaka ta yi aka yi bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, wanda suke yi duk shekara. Makaranta ta cika ta batse. Tsofaffi mata da manyan huluna, maza da kwat, ana rungume-rungume, hayaƙin gashin nama ko'ina. Badujala ta fito fili, ba tafiyar soja kawai suke yi ba, suna busa suna rawa suna karya kafaɗa, mai babban ganga yana juyi har na tuna kalankuwar garinmu. Amma abin da ya zauna mini shi ne safiyar da aka taru a maƙabartar waɗanda suka kafa makarantar, a bayan cocinsu. Na tsaya daga nesa. Ana karanta sunayen matattu, kowa a tsaye, kai a sama. Akwai wani tsoho tukuf a keken guragu, na ga ya yi wa jikokinsa alama, suka kama shi ta hammata suka miƙar da shi, suka riƙe shi a haka har aka gama. A wurinmu da ƙasa za a yi don girmamawa. Na fara zargin akwai abin da ban fahimta ba.

Makarantar tana da al'ada tun kafuwarta, ba ta jiran manomi ya zo, ita take kai masa karatu har gona. Duk Asabar malami yakan ɗauki ɗalibai a a-kori-kura su shiga ƙauyuka su duba ƙasar manoma baƙaƙe. Wata Asabar Farfesa Amos ya ce ni kaɗai zan bi shi. Muka yi tafiya ina kallon gwiwoyina. A wani ƙaramin gari ya tsayar da mota a bakin titi, gaban wani kanti, ya nuna mini daɓen da masu tafiya a ƙasa ke bi.

"Mista Haruna, a garin nan aka haife ni. Ubana manomi ne, kuma shi ke ja wa mutane addu'a a cocinmu. Ina yaro muna tafe a kan daɓen can, sai ga wani yaron Bature wanda bai kai ni tsawo ba. Ubana ya ja hannuna muka sauka cikin taɓo. Ya cire hula, ya kalli ƙasa. Yaron ya kira shi yaro, shi kuma ya amsa da yallaɓai. Ƙanen ubana bai iya saukar da ido ba. Wata rana ya kalli wani a fuska, bayan 'yan kwanaki aka tsince shi a rataye a bishiya. Ban ƙara ganin idon ubana ba sai a cikin gida."

Ya juyo gare ni ya ci gaba.

"Ranar da na shiga makarantar can, malamin farko da na tarar ya kira ni Mista, ya ce in ɗago in kalle shi. Don wannan aka gina ta. Noma da lissafi daga baya suka zo. Sai ga ka, daga ƙasar da muke gaya wa 'ya'yanmu cewa can kakanninsu suka yi tafiya kai a sama, ka shigo ofishina ba takalmi ka zube a ƙasa. Ka san abin da na gani?"

Na ji kunya da tausayi sun rufe ni lokaci guda. Na ce masa a wurinmu ba haka ba ne. Na ba shi labarin Baba, da zaure, da bango. Na ce babu bulala a ciki, ƙauna ce da girmamawa. Har na kawo masa karin maganarmu, na ce Hausawa na cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka yana nan.

"Ubana ya durƙusa wa wadanni duk rayuwarsa," in ji shi. "Ranar da aka ce ya tashi, bayansa ya riga ya ƙage. Na yarda da maganar ubanka. Amma gaya mini, ban da shi, wa kuke durƙusa wa?"

Na buɗe baki in ce malamai da dattawa, sai na tuna ɗan saƙon hakimi, wanda bai kai ni shekaru ba, yana kan keke ko sauka bai yi ba, Baba yana tsugune a ƙasa yana ranka ya daɗe. Na tuna duk wanda ya zo garinmu da mota. Ban taɓa raba waɗannan da gaisuwar zaure ba, a wurina duk ladabi ne. Na gaya masa haka.

"Ba zan raba maka su ba," ya ce. "Kai ka san mutanenka. Amma a ajina ba za ka amsa wa siminti ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na yi addu'a a kanta. Abin da na tsayar shi ne zan riƙe na Baba da na malamaina na allo da duk wanda ya girme ni da gaskiya, sauran in ajiye. Na san tun a lokacin cewa a Sara ba za a ga wannan rabon ba, za a ga dai yaro ya je Turai ya dawo da tsaurin ido. Na zaɓa ina sane. Da ya yi tambaya a aji na gaba, na miƙe, wuyana kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, na ɗago. A ranar na fara ganin idon dattijo. Ashe idonsa na hagu yanar ido ce ta rufe shi fari fat, wata da watanni ina gabansa ban sani ba. Na amsa ina kallonsa.

"Yanzu na ji," ya ce. "Barka da zuwa, Mista Haruna."

Daga nan ya riƙe ni kamar ɗa. Duk abin da na sani na ƙasa da iri da yadda ake magana da manomi ba tare da an raina shi ba, a hannunsa na samu. Ya koya mini in yi masa gardama, in na kayar da shi ya yi dariya har ya share hawaye. Ranar da zan taho na roƙe shi ya bar ni in durƙusa sau ɗaya in yi masa sallama irin tamu. Ya ƙi. Ya ce in ajiye wa ubana, ya miƙo mini hannu.

Na dawo na durƙusa a zaure, Baba ya amsa wa bango, Goggo ta duba ni sama da ƙasa ta ce ba a rage komai ba sai kumatu. Aka tura ni Gwaram aikin gona. Komai lafiya har maganar fadama ta taso. Wani kamfani yana son fadamar garinmu ya yi babbar gona, aka turo wani jami'i daga birni, matashi, ya zo da mota. Abin da suke bukata daga gare ni, a matsayina na malamin gona, shi ne in shaida cewa fadamar a banza take ba a noma ta. Aka taru a gindin tsamiya a ƙofar dagaci. Jami'i yana kan kujera, kowa yana ƙasa, ni ina zaune daidai bayan Baba. Shi ne babba a manoman fadama, don haka shi ya fara magana, a tsugune, yana faɗin shinkafa da rake da albasar da ake fitarwa tun zamanin kakansa. Bai kai rabi ba jami'in ya nuna shi da makullin mota.

"Kai tsoho, ba tatsuniya muka zo ji ba."

"Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe," in ji Baba, ya ƙara yin ƙasa da kai.

Ba zan ce muku ban san lokacin da na tashi ba. Na sani. Na miƙe, na kalli jami'in a tsakiyar ido, na ce dattijon nan yana magana ba a bar shi ya gama ba, kuma ni malamin gonar yankin nan ba zan shaida ƙarya ba, fadama ana noma ta rani da damina. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba. Na dai ci gaba da kallonsa har ya kawar da kai ya tashi ya shiga mota. Sai da ƙurar motar ta lafa na lura da inda nake. Ina tsaye a kan mahaifina, inuwata ta rufe shi, shi yana ƙasa, a gaban duk gari. Wannan ita ce tsayuwar da tsohuwar Basirka take nufi.

Na biya kuɗinta. Aka ɗauke ni daga Gwaram aka jefa ni wani ƙauye da mota ba ta zuwa da damina, kuma ƙarin girman da sa'o'ina suka yi ta samu ya riƙa tsallake ni har na yi ritaya. Wannan bai dame ni ba kamar ɗayan. Baba ya daina amsa gaisuwata. In zo gida in durƙusa a zaure, ya ɗauki butarsa ya fita. Na tambayi Goggo abin da ya ce.

"Ya ce wancan ya baro kunyar can."

"Ke kika ƙara, Goggo?"

"Wannan karon ban ƙara komai ba."

Na yi kuka a ranar, ina da aure da ɗa. Damina guda cur muka yi a haka. Wata rana Goggo tana ɓarar gyaɗa ta ce in zauna in gaya mata wace irin makaranta ce wannan da take mayar da ɗan mutane haka. Na gaya mata komai, tubali da yatsu, da tsohon da aka miƙar a maƙabarta, da uban Farfesa Amos a cikin taɓo yana cewa yaro yallaɓai. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba. Da na gama ta kakkaɓe zaninta ta nufi wajen Baba. Abin da ta faɗa masa da abin da ta ƙara, har ta koma ga Allah ba ta gaya mini ba.

Bayan girbi jami'in ya dawo, tare da wani wanda ya fi shi girma. Na zo daga ƙauyen da aka kai ni, amma na yi wa Goggo alkawarin ko me za a yi ba zan tashi ba, don haka na zauna can baya cikin samari. Baƙi suka hau kujeru, jama'a suka yi ƙasa. Sai aka ga mutum ɗaya a tsaye, ya dogara sanda. Dagaci ya yi masa alama da hannu.

"Malam Iliya, a zauna mana."

"A gafarce ni, ranka ya daɗe. Gwiwa ce ta matsa mini. In na sauka ba zan iya tashi ba."

A tsaye ya yi maganarsa, tun daga kakansa har albasar bana, yana kallon fuskar babban baƙon, kuma ba wanda ya katse shi. Kafin ya gama, gwiwar Malam Audu mai rake ita ma ta motsa, ya miƙe. Sai ta wani, sai ta wani. Ban taɓa ganin ciwon gwiwa ya kama gari haka ba. Ba mu ci duka ba, sun ɗauki ɓangaren gabas. Amma ɓangaren yamma ya tsira, kuma shinkafar da kuke ci in kun zo hutu daga nan take fitowa. Da labari ya kai cikin gida Goggo ta riƙe haɓa ta ce, gwiwa, mutumin da jiya ya wuni a tsugune yana tsige gyaɗa.

To, Safiya, in an ƙara gaya miki ke jikar wanda ya tsaya ce, ki ce haka ne, kada ki yi faɗa da kowa. Ni dai ina gode wa Allah da Ya kai ni hannun mutanen da suka sha wuyar da ban sha ba, suka kuma ba ni abin da suka samo a cikinta kyauta. Ina gode Masa da Ya ba ni uban da ya fi ni sanin yadda ake tashi ba tare da an kunyata kowa ba.

Washegarin taron nan da safe na shiga zaure na durƙusa. Butar tana gefensa, bai taɓa ta ba. Na ce ina kwana, Baba. Ya juya ga bango ya ce lafiya lau, an tashi lafiya.  Sannan ya sake magana.

"Malamin nan nasa, mai ido ɗaya. Yana da rai?"

"Yana nan, Baba."

"To, a gaishe shi. A ce Iliya na Sara ya gode."